Yohanna Vianney, Fadan Ƙauyen Ars: Shekara 41 a Coci Guda

A wannan fitowa, filinmu na tarihin magabata zai tsaya ne a nan Faransa inda nake zaune, a wani ƙauye da ake kira Ars, mai nisan kamar kilomita 35 arewa da birnin Liyon. Wanda zan ba da tarihinsa limamin cocin Katolika ne, wato Fada, mai suna Jean-Marie Vianney, ko Yohanna Vianney a bakin mutanenmu. Waɗanda suka zauna a Filato a cikinmu sun san sunan, domin makarantar share fagen zama Fada da ke Barikin Ladi sunansa take ɗauke da shi.

Mutumin nan bai zama Bishop ba, bai kuma taɓa riƙe wani babban coci ba. An tura shi ƙauye mai mutum kamar 230, ya zauna a nan har mutuwa ta ɗauke shi. Abin da ya ja hankalina ga labarinsa shi ne yawan mutanen. Mutum 230 ai kusan adadin wasu rassan ƙungiyarmu ne idan aka haɗa da yara. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tara jama'a ƙanƙanuwa wuri ɗaya, Musulmi ne ko Kirista, zai ga abin da ya sani a cikin wannan labari.

Yaro a zamanin da aka rufe majami'u

An haife shi ranar 8 ga Mayu, 1786, a Dardilly kusa da Liyon, a gidan manoma. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida. Yana da shekara uku juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789. Ba a jima ba sabuwar gwamnati ta tilasta wa limaman coci su yi mata rantsuwar biyayya. Waɗanda suka ƙi aka shiga farautarsu, daga baya ma aka rufe majami'u. Iyayen Vianney suna cikin waɗanda suka bi limaman da suka ƙi rantsuwa. Da dare suke saɗaɗawa zuwa wata gona ko rumbun wani maƙwabci, inda wani Fada da ya ɓad da kama zai yi Misa, wato babbar sujadar Katolika.

A haka ya karɓi Jibin Ubangiji na farko a 1799, yana ɗan shekara 13, a cikin wani gida a garin Écully. An jera amalanken ciyawa a bakin tagogi, maza suna ta sauke kaya kamar masu aikin gona, don kada mai wucewa ya hango hasken kyandir. Yaron da ya tashi a irin wannan yanayi ya san cewa ibadar jama'a abu ne da za a iya wayar gari a rasa. Rayuwarsa ta yarinta kiwo ce da noma, karatu kuwa ɗan kaɗan ya samu, kuma a makare.

Latin da aikin soja

Sai da ya kai shekara 20 mahaifinsa ya yarda ya bar gona ya tafi wurin Fada Charles Balley a Écully, wanda ke koyar da samari masu son zama limamai. Abokan karatunsa yara ne 'yan shekara 11 zuwa 12, kuma duk sun fi shi saurin ganewa. Latin, harshen da ake ibada da karatu da shi a coci a lokacin, ya ƙi zama a kansa. An ba da labarin wani yaro mai suna Mathias Loras da aka sa ya riƙa taimaka masa. Wata rana haushi ya kama yaron ya kwaɗa masa mari a gaban jama'a. Vianney, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, sai ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Loras ɗin nan daga baya ya zama Bishop na farko a Dubuque da ke Amurka.

A 1809 aka kira shi aikin soja, lokacin da Napoliyon ke yaƙi a Sifaniya. Ya kwanta rashin lafiya, rundunarsa ta tafi ta bar shi, da ya bi bayansu kuma bai cim musu ba. Ya ƙare a wani ƙauyen tsaunuka mai suna Les Noës, inda ya ɓuya fiye da shekara guda da sunan aro, yana koya wa yara karatu. A idon doka dai gudun soja ya yi. Da aka yi afuwa a 1810, ƙanensa François ne ya shiga soja a madadinsa, kuma bai dawo gida ba. Wannan tabo ne da tarihinsa ba ya ɓoyewa.

Ya koma karatu, ya shiga babbar makarantar limamai ta Liyon a 1813, amma aka sallame shi saboda ba ya iya amsa tambayoyi da Latin. Fada Balley bai yanke ƙauna ba. Ya mai da shi gidansa, ya koya masa darussan da Faransanci, ya kuma tsaya masa a gaban shugabanni har suka yarda cewa tsoron Allah da ke gare shi zai cike giɓin karatu. An naɗa shi Fada a Grenoble a watan Agustan 1815, yana da shekara 29. Da farko ma ba a ba shi izinin sauraron masu furta zunubi ba, aikin da daga baya ya sa duniya ta san shi. Ya zauna mataimakin Balley har tsohon ya rasu a ƙarshen 1817.

Ars kamar yadda ya same shi

A watan Fabrairun 1818 ya doshi Ars a ƙafa, amalanke na biye da shi ɗauke da gado da littattafan da ya gada daga malaminsa. Hazo ya rufe hanya, sai wani yaro makiyayi, Antoine Givre, ya nuna masa inda garin yake. Yau akwai mutum-mutumin su biyun a kan tudun da ke kallon ƙauyen.

Garin gidaje ne kamar 60, da coci ƙarami wanda ya lalace, da gidajen giya har guda huɗu. A lokacin Ars bai ma kai matsayin ikilisiya mai cin gashin kanta ba, reshe ne na maƙwabciyarsa Misérieux. Mutanen ba wasu miyagu ba ne. Manoma ne da suka tashi a shekarun da babu mai koyar da addini, suka saba ranar Lahadi ta zama ranar ƙarasa aikin gona da safe, da yamma kuma a tafi mashaya ko dandalin rawa. Waɗanda ke zuwa coci galibi tsofaffin mata ne.

Abin da ya fara yi shi ne bin gida gida. Yakan zaɓi tsakar rana, lokacin da iyali suka taru cin abinci. Zai tsaya ya tambayi lafiyar shanu, da yadda alkama ta yi, da sunayen yara, da wanda ke kwance ba lafiya. Shi ɗan manomi ne, saboda haka hirar ba ta yi masa wuya. Sai a ƙarshe ya saka maganar Allah kaɗan, ya wuce gida na gaba. Cikin ɗan lokaci ya san kowa da sunansa da danginsa da abin da ke damunsa.

Gidan da aka ba shi an ƙawata shi da kujeru da gadaje daga gidan masu garin, iyalin des Garets. Ya mayar musu da yawancin kayan. Na shiga gidan nan, domin har yanzu yana nan yadda ya bar shi, kuma gani ya kori ji: ɗakin girki ne da murhu da tukunya. A cikin irin wannan tukunya yakan dafa dankalin turawa da zai ci na kwanaki. Amma duk kuɗin da ya shigo hannunsa, har da gadonsa na gida, coci da talakawa yake kashe wa. A ganinsa shi zai iya zama cikin tsumma, ɗakin ibada kuwa dole ya yi kyau. Ya gyara bagade, ya sayo tufafin Misa masu tsada daga Liyon, a 1820 aka gina hasumiyar ƙararrawa, aka riƙa ƙara ƙananan ɗakunan addu'a a gefen cocin ɗaya bayan ɗaya. A 1821 Ars ya zama cikakkiyar ikilisiya.

Wa'azi yana ba shi wahala. Yakan kwana yana rubutawa, ya haddace, wani lokaci ya hau mumbari kan ya ɗauke, ya sauko ba tare da ya gama ba. Bai daina ba.

Zafinsa, da abin da ya biyo baya

Ba zan ɓoye muku ba, Vianney na shekarun farko mutum ne mai tsanani. Ya ɗaura yaƙi da aikin ranar Lahadi, da zagi, da mashaya, da rawa. Yana ganin gidajen giya su ke cinye kuɗin da ya kamata a ciyar da yara, kuma a hankali duk huɗun suka rufe saboda rashin ciniki. Akwai lokacin da ya tare mai gogen da aka gayyato, ya biya shi kuɗin wasansa, ya sallame shi kafin ya shiga gari. Yakan jinkirta sanar da gafara ga wanda ya ƙi barin rawa. Wannan faɗa ya ɗauki shekaru masu yawa, kuma ya jawo masa baƙin jini: an yi masa ƙazafi, an yi masa waƙar zambo a bakin ƙofa, an kai ƙararsa gaban Bishop. An bincika ba a same shi da laifi ba.

Mai karatu na yau zai iya cewa ya wuce gona da iri, kuma akwai gaskiya a ciki. Masu tarihinsa sun nuna cewa da shekaru suka ja ya yi laushi, maganarsa ta fi karkata ga jinƙan Allah fiye da tsoratarwa. Abin da ya sa mutane suka jure zafinsa, a fahimtata, shi ne bai ɗora musu nauyin da shi bai ɗauki ninkinsa ba, kuma sun san ba ya neman kome a aljihunsu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Sau da yawa akan ba da labarin Ars kamar mutum ɗaya ne ya yi kome. Ba haka abin yake ba. Ya tara mata a ƙungiyar addu'ar Rosari, wato carbin Katolika, ya kuma farfaɗo da tsohuwar ƙungiyar maza. Aka fara taruwa a coci kowace yamma don addu'ar rufe yini, ƙararrawa na kiran mutane daga gona. Idin Jikin Almasihu ya zama babban bikin gari, ana zagaya tituna da tutoci, yara suna gaba. Magajin gari da iyalin des Garets suka riƙa sa hannu da kuɗi. Akwai wani manomi, Louis Chaffangeon, da kan ajiye fartanyarsa a bakin ƙofar coci ya shiga ya zauna shiru na tsawon lokaci. Vianney yakan kafa misali da shi wajen nuna cewa addu'a ba sai da yawan magana ba.

Aikin da ya fi ƙauna shi ne makarantar 'yan mata. Ya zaɓi 'yan matan garin biyu, Catherine Lassagne da Benoîte Lardet, ya biya musu kuɗin horo daga aljihunsa, a 1824 aka buɗe makarantar kyauta mai suna La Providence, ma'ana tanadin Allah. Ba a daɗe ba ta koma har da gidan marayu, ana kwaso 'yan matan da ba su da kowa daga ƙauyukan kewaye, har adadinsu ya kai wajen 60. Matan nan ba su da albashi. Su ke koyarwa, su ke girki da wanki, kuma sau da yawa ba a san inda abincin gobe zai fito ba. A can Vianney ke cin ɗan abincinsa na rana, a can kuma ya fara darasin addini na ƙarfe 11 na safe domin yaran, wanda daga baya manya suka cika shi har aka mai da shi cikin coci. Da Bishop ya miƙa gidan ga wata ƙungiyar sistoci a ƙarshen shekarun 1840, abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya yi biyayya. Catherine Lassagne ta ci gaba da hidimarsa har ƙarshen ransa, kuma yawancin abin da aka sani game da zamansa na yau da kullum daga shaidarta aka samo.

Akwai wani abu da ya yi a 1836 da ya tsaya mini a rai. Ya sa aka rubuta sunayen dukan mutanen ikilisiyar, aka saka a cikin wata 'yar zuciya ta ƙarfe mai ruwan zinariya, aka rataya a jikin siffar Maryamu da ke cocin. Kowane gida ya san sunansa na ciki.

Da baƙi suka cika gari

Limaman maƙwabta sukan gayyace shi taimako idan suna taron farfaɗo da ibada, kamar wanda aka yi a Trévoux a 1823. A can mutane suka lura da yadda yake sauraro. A Katolika, mai bi yakan durƙusa a wani ɗan ɗakin katako ya faɗi laifofinsa a asirce ga Fada, shi kuma ya yi masa nasiha ya sanar da shi gafarar Allah. Waɗanda suka je wurin Vianney sun riƙa komawa gida suna cewa ya gane damuwarsu tun kafin su gama magana. Daga wajen 1830 baƙi suka fara kwarara zuwa Ars. A 1855 ana ƙiyasta masu zuwa da 20,000 a shekara, kafin rasuwarsa kuma adadin ya ninka haka sau da dama. Har taga ta musamman aka buɗe a tashar jirgin ƙasa ta Liyon don masu sayen tikitin tafiya Ars.

Yakan tashi wajen ƙarfe 1 na dare ya shiga coci da fitila. Zai saurari mata har gari ya waye, ya yi Misa, ya saurari maza, ya yi darasin ƙarfe 11, ya ci abinci a tsaye, ya duba marasa lafiya, ya koma. Da rani yakan yi awa 16 a wannan ɗan ɗaki, da hunturu kuma 11 zuwa 12, cikin sanyin da mu mazauna nan muka san yadda yake shiga ƙashi. Mutane kan kwana a layi. Da aka fara danganta masa warkar da marasa lafiya, sai ya riƙa tura kowa ɗakin addu'ar Waliyiya Filomina da ya gina, don kada a jingina abin gare shi.

Wasu limamai ba su ji daɗi ba. Suka rubuta takardar koke cewa mai ƙarancin ilimi irinsa bai cancanci wannan aiki ba. An ce takardar ta faɗo hannunsa, ya sa hannu a ƙasa shi ma, ya aika wa Bishop. Girmamawa ma ba ta dame shi ba. Da aka ba shi rigar girma ta coci a 1852, sayar da ita ya yi faran 50 ya sa kuɗin a aikin taimako. A 1855 gwamnatin Napoliyon na Uku ta ba shi lambar yabo ta ƙasa, bai ɗauke ta a bakin kome ba.

Mai son gudu

Ga abin da ba kowa ya sani ba: mutumin da ake yabo da zama wuri ɗaya ya sha yunƙurin gudu. Yana ganin bai isa ya ɗauki nauyin rayukan mutane ba, yana tsoron hisabin da za a yi masa a kansu, burinsa kuma ya samu wani lungu ya yi addu'a shi kaɗai. A 1840 ya fita da dare, ya yi 'yar tafiya, ya juyo da kansa. A 1843, bayan wata doguwar jinya, ya tafi gidansu a Dardilly. Jama'a suka bi shi can suka cika ƙofar gidan ɗan uwansa, dole ya dawo. A watan Satumban 1853 ya sake sulalewa da tsakar dare. Aka buga ƙararrawar gangami, mutanen gari suka fito da fitilu kamar ana gobara, suka kewaye shi suna roƙo, wasu a durƙushe. Ya juya ya shiga coci ya ci gaba da aikinsa. Bai sake gwadawa ba.

A nan nake ganin zuciyar labarin. Ya yi shekaru yana bin mutanen nan gida gida don kada su watse, ga shi a ƙarshe su ne suka fito cikin dare suka hana shi tafiya. Haƙurin da ake yaba masa da shi ba a kan kwanciyar hankali ya yi shi ba.

Ƙarshen tafiya

Ya rasu da misalin ƙarfe 2 na dare ranar 4 ga Agusta, 1859, yana da shekara 73, bayan shekara 41 a Ars. Limamai kamar 300 da mutane wajen 6,000 suka halarci jana'izarsa. Mutanen Dardilly sun so a kai musu ɗansu gida, irin maganar da mu mazauna waje muka sani sarai, amma a Ars aka ajiye shi, kuma gawarsa na nan cikin akwatin gilashi a babban cocin da aka gina manne da tsohon. Paparoma Pius na 11 ya ayyana shi waliyyi a 1925, a 1929 kuma ya sa shi ya zama majiɓincin limaman ikilisiyoyi na duniya. Paparoma John Paul na 2 ya ziyarci ƙauyen a 1986.

Yankin da ya fito yana da alaƙa da gida. A Liyon ne aka kafa ƙungiyar mishan ta SMA a 1856, shekara uku kafin rasuwarsa, kuma limamanta ne suka isa Shendam a 1907 suka kafa mishan ɗin Katolika a can. Yau a ƙananan majami'u na ƙauyukan Kano da Katsina da Kaduna da Filato, inda Fada ɗaya ke zagaya rassa da yawa a kan babur, ranar 4 ga Agusta rana ce da ake tuna Vianney ana yi wa limamai addu'a.

Ga wanda hanya ta kawo Liyon a cikinku, Ars tafiyar ƙasa da awa guda ce a mota. Ku shiga ta tsohuwar ƙofa, za ku ga yadda cocin farko yake ƙarami, ku kuma leƙa gidan La Providence da ke kusa da shi, inda Catherine Lassagne da abokan aikinta suka yi renon marayu. Allah ya ba mu shugabanni masu sanin sunayen mutanensu, ya kuma ba mu jama'ar da za ta riƙe su idan sun gaji. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.